Kafin Ka Sai Wa Yaro Gem

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakar da iyali. Ina gaida iyayenmu maza da mata na Runjin Sambo, tun daga shataletale har gidajen ma'aikatan Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da maƙwabtansu, da duk inda muryar nan ta kai a birnin Shehu da kewaye.

Yau za mu tattauna a kan na'urar wasan bidiyo, wadda yara ke kira gem. Da hutun makaranta ya gabato, ko Sallah ta zo yara suka tara kuɗin barka da Sallah, roƙon da ake ji a gidaje da yawa ɗaya ne: "Baba, ka sai man gem." "Inna, ki sa baki Baba ya sai muna PS." Wani uban ya ce a'a, ya rufe maganar, yaron kuwa ya zame ya tafi gidan gem na bayan layi, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a talabijin, ba wanda ya san da wa ya zauna ko me ya kalla. Wani uban kuma ya miƙa kuɗi, ya ce wa babban wan yaron ya je ya sayo, daga nan bai sake waiwayar abin ba.

Duka biyun sun bar gurbi. Abin da nake so mu tafi da shi daga shirin yau shi ne: in za ka shigo da gem gidanka, ka sayi wadda gidanka zai iya ɗauka, wadda ta dace da shekarun yaronka, wadda kuma kai da kanka za ka iya zama ka ga abin da ke cikinta. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gagara, jinkirta sayen ya fi alheri.

(KIƊA KAƊAN)

Mu fara da sanin kayan, don kada mai shago ya yi ta jero sunaye kai kuwa kana gyaɗa kai.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da wannan kasuwa a duniya. Na farko Sony na Japan, mai PlayStation, wadda yaranmu ke taƙaitawa su ce PS. Ta farko ta fito a 1994, PS2 a 2000, PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 kuma a watan Nuwamban 2020. PS2 ɗin nan da kuke gani a gidajen gem an sayar da fiye da miliyan 150 nata a duniya, shi ya sa har yau ba ta ƙarewa a kasuwa. Amma ku riƙe wannan: an daina ƙera ta tun 2013. Duk wanda ya nuna maka PS2 a kwali mai sheƙi ya ce sabuwa ce fil daga kamfani, tsohuwa ce aka gyara aka sake wa riga.

Na biyu Microsoft na Amurka, mai Xbox. Na baya-bayan nan su ne Series X da ƙaramarta Series S, su ma na 2020. Series S ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan, duk wasan da za a yi sai an sauko da shi ta intanet. Akwai irin PS5 ma da ba ta cin faifai.

Na uku Nintendo, shi ma na Japan, tsohon kamfani ne da aka kafa a birnin Kyoto tun 1889. Shi ke da Switch, wadda ta fito a 2017. Ana riƙe ta a hannu, ana kuma jona ta da talabijin. Ƙaramarta, Switch Lite ta 2019, ta hannu ce kawai, ba ta hawa talabijin. Switch 2 ta biyo baya a watan Yunin 2025. Cikin ukun nan, Nintendo ne ya fi yawan wasannin da aka yi domin ƙananan yara da zaman iyali.

Sai kuma kashi na huɗu, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu: ƙananan na'urori marasa sanannen suna, waɗanda ake rubuta wa wasa dubu kaza a ciki. Waɗanda suka tashi a shekarun 1990 za su tuna da ƙaramar gem ta hannu mai jera bulo, da mai kaset wadda ake busa wa iska in ta ƙi tashi. Jikokinsu ne waɗannan. Wata ma a siffar PlayStation ake ƙera ta, a canza harafi ɗaya ko biyu a sunan. Ba laifi ba ne a sai wa ƙaramin yaro irinta, tunda tana da sauƙin kuɗi kuma ba ta hawa intanet, muddin ka san abin da ka saya ke nan, ba a karɓi kuɗin PlayStation a hannunka ba.

Maganar kuɗi kuwa, da dala ake shigo da kayan nan, farashinsu a naira yana bin dala ne. Lokacin da PS5 ta fito, dala 499 ce mai cin faifai, Series S dala 299, Switch dala 299, Switch Lite dala 199. Sabon wasa guda na asali yakan kai dala 60 zuwa 70. Ka ga ashe kuɗin na'urar somin-taɓi ne. Akwai kuɗin wasanni, akwai hannu na biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, akwai data, akwai gyara. Uba ya lissafa duka kafin ya ce to. Kuma kada a taɓa kuɗin makaranta ko na abinci, kada a ci bashi saboda gem.

(KIƊA KAƊAN)

Yanzu mu dawo gida. Waɗanda suka ƙera na'urorin nan ba Sakkwato suka duba suka ƙera su ba, saboda haka mu ne za mu auna su da yanayinmu. Abubuwa biyar ne.

Na farko, wuta. PS5 tana jan wajen wat 200 in ana cikin wasa, kusan abin da fankar sama uku ke ja, ban da talabijin. PS4 takan ja wajen 100 ko fiye. Switch kuwa ba ta kai wat 20 ba, kuma tana da batir da ke kai awa huɗu da rabi zuwa tara, gwargwadon wasan. Gidan da ke lallaɓa ƙaramar sola da inbata don fanka da fitila da cajin waya, in aka ɗora masa PS5, kafin tsakar dare batir ya ƙare, kowa ya kwana cikin zufa. Gidan da sai an tayar da janareta kuma, ga kuɗin mai. Sannan ɗauke wuta farat ɗaya ana cikin wasa yana iya lalata abin da aka adana a ma'ajiyar na'urar, dawowarta da ƙarfi kuma tana iya ƙona ta. Wanda zai sayi babbar gem, ya haɗa da sitabilaiza mai kyau, ya koya wa yara cire soket da zarar an ɗauke wuta.

A nan akwai wani tarko ga masu sayen ta hannu. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. PS4 da PS5 suna karɓar kowace. Amma tsofaffi irin PS2 mai kauri da Xbox 360, in daga Amurka ko Japan aka kawo su, wata ba ta ɗaukar wutarmu. Jonawa ɗaya, sai hayaƙi. Ka juya bayanta ko akwatin wutarta ka karanta lambar da ke rubuce kafin ka biya.

Na biyu, zafi. Sony da Nintendo duka sun rubuta a takardun na'urorinsu cewa a yi amfani da su tsakanin digiri 5 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos. Mu kuwa a nan, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura 40. Ɗaki mai rufin kwano da azahar ɗin bazara ya wuce abin da aka gina na'urar a kai. Zafi ba ƙaramin abokin gaba ba ne ga kayan nan. A 2007 sai da Microsoft ya ware fiye da dala biliyan 1 don gyaran Xbox 360 da suka riƙa mutuwa a hannun mutane suna nuna jan haske, matsalar da ke da nasaba da zafin da ke taruwa a cikinsu. Saboda haka a bazara a bar wasa sai da safe ko bayan la'asar sakaliya. Kada a cusa gem cikin rufaffen kabad, kada a ɗora ta kan katifa ko kafet, kada a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki.

Na uku, ƙura. Hazon hunturu yana shiga ko'ina. Fankar da ke cikin gem tana zuƙo iska ne, tana zuƙowa har da ƙurar, ta toshe kafofin, sai ka ji na'ura tana gurnani, daga nan ta fara kashe kanta. A ɗora ta a kan tebur, nesa da ƙasa da taga, in an kashe ta huce sannan a rufe. Ƙurar nan tana shiga hannun ma, har ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa ya fara tafiya shi kaɗai.

Na huɗu, data. Manyan wasannin zamani, ɗaya yakan kai gigabait 50, wani ya haura 100, kuma kusan kowane wata sai sun nemi a sabunta su. In ba ka da intanet mai ƙarfi a gida, na'ura irin Series S da ba ta cin faifai ba taka ba ce.

Na biyar, talabijin ɗin da ke gidan. PS2 da waya mai kai uku take aiki, ja da fari da rawaya, tana hawa tsohuwar talabijin. PS4 da PS5 da Switch kuwa sai mai kafar HDMI. Ka duba bayan talabijin ɗinka kafin ka fita kasuwa.

(HUTUN KIƊA NA MINTI ƊAYA)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda iyaye za su zaɓa wa yara gem. Mun zo wurin da ya fi komai muhimmanci a shirin yau, ina roƙon a ƙara kasa kunne.

Na'urar ita kanta akwati ce. Abin da aka zuba a cikinta shi ne zai zauna da ɗanka awa da awanni. Kuma ba kowane wasa aka yi domin yara ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi tashe, masu yin su da kansu sun rubuta cewa na manya ne.

Yadda abin ya samo asali shi ne, a 1992 wani wasan faɗa mai suna Mortal Kombat ya fito a Amurka, ana nuna jini da cire kai ƙarara. Iyaye suka yi ca, har Majalisar Dattawan ƙasar ta zauna a kai a 1993. Daga nan aka kafa hukumar ESRB a 1994, mai sa wa kowane wasa alamar shekaru. Turai ma ta kafa tata, PEGI, a 2003. Faifan da ke shigowa ƙasarmu galibi ɗaya daga cikin alamomin nan biyu yake ɗauke da ita, a kusurwar ƙasa ta gaban kwalin.

Ta Turai lamba ce, ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai gane: 3, 7, 12, 16, 18. Uku da bakwai kore ne, sha biyu da sha shida ruwan lemo, sha takwas ja. Ta Amurka harafi ce: E na kowa, E10 daga shekara goma, T daga sha uku, M daga sha bakwai. A bayan kwalin Turai kuma akwai ƙananan zane: dunƙulen hannu yana nufin duka da kisa, gizo-gizo abin tsoro, allura miyagun ƙwayoyi, ƙwayar ludo caca, hannu riƙe da kati kuma yana nufin ana sayayya da kuɗi a cikin wasan. Lambar nan ba wahalar wasan take aunawa ba. Wani uban yakan ce, "Ai ɗana yana da ƙwaƙwalwa, zai iya na sha takwas." Abin da idon yaron zai gani ake nufi, Malam, ba kaifin basirarsa ba.

To, ga inda tamu matsalar ta bambanta da ta Turawa. Mu a nan, mafi yawan gem ɗin da ake saya ta hannu ce, kuma ba da faifai take zuwa ba. Mai shago ne ke loda wasanni a ma'ajiyarta, ashirin, talatin, ya ce maka kyauta ce. Babu kwali, babu lamba, babu ja babu kore. Shingen da aka gina don kare yaro ya faɗi tun kafin kayan su iso hannunka. Kuma mai lodin abin da samari ke nema yake zubawa, don su ne masu yawan saye.

Cikin jerin nan da wuya ka rasa GTA, ko San Andreas na 2004 ko GTA V na 2013. Yaro zai ce maka wasan mota ne. Lallai akwai mota, amma ƙwace ta ake yi a hannun mai ita. Wasa ne da ɗan wasa ke zama ɗan daba: fashi, harbin mutane a titi, dillancin ƙwaya, ashar, har da shiga wuraren matan banza. Alamar 18 gare shi. Haka God of War, haka Mortal Kombat na yanzu, haka mafi yawan Call of Duty. Iyayena, ku rubuta sunayen nan huɗu, yau da dare ku ce wa yaro ya kunna gem ɗinsa ya nuna muku jerin wasannin. Gani ya kori ji.

In za ka sayi mai lodi, ka tsaya a gaban mai shagon ka ce, "Malam, yaron shekararsa tara. Karanto min sunayen ɗaya bayan ɗaya." Duk wanda ba ka sani ba, ka rubuta sunansa a waya tare da kalmar PEGI, lambar za ta fito. Na manya a goge su kana tsaye. Sannan a san cewa wasannin lodi kwafi ne da ba a biya masu su ba, akwai haƙƙin mutane a ciki, kuma na'urar da aka fasa wa kulle don ta karɓe su, kamfani yana iya toshe ta in ta hau intanet. Wanda Allah ya hore wa, faifai biyu ko uku na asali, ko da na hannu ne, sun fi masa lodi talatin.

Wasannin da suka dace da yara kuwa suna nan da yawa. Mario Kart tseren mota ne na raha, mutum huɗu na iya yi a talabijin ɗaya, lambarsa 3. Minecraft gini ne, yaro ya haƙa, ya tara kaya, ya tsara gida da gona da gari, lambarsa 7, har akwai nau'insa da ake koyarwa da shi a makarantu. Sai ƙwallon ƙafa, wadda ita ce ran yaranmu: FIFA, da ta koma EA Sports FC a 2023, da PES, da ta koma eFootball a 2021.

(KIƊA KAƊAN)

Ƙwallon nan ma tana da wurin lura, in an jona ta da intanet. A cikinta akwai sashen da ake sayen ƙunshin 'yan wasa a rufe. Ka biya kuɗi, ba ka san wa zai fito ba, ko gwani ko wanda ba ka so. In bai fito ba, ka sake biya. Ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan a 2018 ta ce caca ce, har kamfanin EA mai FIFA ya daina sayar da makin sayen ƙunshin a ƙasar a farkon 2019. Mu da muke ganin yadda shagunan cacar ƙwallo suka cinye samari a garuruwanmu, bai kamata mu bari a koya wa ɗan shekara goma ɗanɗanon "bari in sake gwadawa" a falon gidanmu ba.

Kada ka taɓa barin lambar katin bankinka a cikin gem. A watan Disambar 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, da kuma tsara maɓallai ta yadda mutane ke sayen abu ba da niyya ba. In haka ta faru a inda hukuma ke sa ido, kai da ke Runjin Sambo wa zai dawo maka da kuɗinka?

Intanet kuma ƙofa ce. Wasanni irin Fortnite da Roblox da Free Fire ana hira a cikinsu da murya ko rubutu, da mutanen da yaro bai taɓa gani ba, wani babba ne ya fake da sunan yaro. Ba za ka bar baƙo ya wuce zaure ya zauna da 'yarka ba. To, wannan ma haka ne. Yaron da bai kai sha biyu ba, gem ɗinsa ba ta buƙatar intanet. Wanda ya haura, kai za ka buɗe asusun da sunanka, ka yi masa na yaro a ƙarƙashinka. PlayStation da Xbox da Switch duka suna da saitin iyaye: ka ƙayyade shekaru, ka rufe hira, ka hana sayayya, ka sa awannin wasa, har daga wayarka. In abin ya yi maka duhu, ka sa wani amintacce ya saita a gabanka, amma lambar sirrin ta zauna a wurinka ko wurin uwar yaran.

(HUTUN KIƊA)

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke haddasa rigima a gidaje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ke nan ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya buƙatar gem tasa. A shekarar nan dai hukumar ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Alamominsa uku: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasa ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar, har abin ya ɗauki kamar shekara. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan, kada a ɗauka duk yaro mai son gem mara lafiya ne. Amma in ka ga barci ya lalace, karatu ya ja baya, ana fashin Islamiyya, kuɗi na ɓacewa a gida, ana yi wa uwa tsawa don ta ce a kashe, to lokacin zama ya yi, in ta kama a nemi likita. Yaro mai farfaɗiya kuma a tuntuɓi likitansa tun kafin a saya, domin walƙiyar hasken wasu wasanni tana iya tayar da ita.

Ƙasar Sin ta kai abin ga doka a 2021: 'yan ƙasa da sha takwas awa ɗaya kacal za su yi wasan intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu da irin wannan doka, dokar tana hannun uba da uwa. Ranar yaronmu a cike take: boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ga karatun dare. Sai a duba inda sarari yake, kamar yammacin Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya a makarantu da yawa, da wani yanki na Asabar da Lahadi. A yanke awannin tare da yaron, tun kafin a sayo, ba bayan an sayo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an kira salla, a ajiye hannu. In Inna ta yi aike, a tashi. Bayan isha'i a kashe. Kuma a riƙa faɗa masa saura minti goma, domin fizge waya ana tsakiyar wasa shi ke kawo kuka da taurin kai.

Gem ta zauna a falo ko tsakar gida, inda kowa ke wucewa, kada ta kwana a ɗakin yara. A nan ta talabijin ta fi ta hannu, ta kuma fi waya nesa ba kusa ba, domin abin da ke kan talabijin kowa na gani, na hannu kuwa ana shiga da shi cikin bargo. Wanda ya zaɓi Switch saboda wuta, ta riƙa kwana a ɗakin uwa.

A gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya, Alhaji, a kula da adalci. In ka sai wa ɗan wannan ɗaki ka bar na wancan, ka sayo fitina da kuɗinka. Ka ce ta gida ce, ka ajiye ta inda ba ɗakin kowa ba, ka sayi hannu biyu ko fiye, a yi layi. 'Yan mata ma a ba su nasu lokacin, su ma yara ne, suna son wasa. Kuma kada gem ta kore ƙwallon fili da langa da dara da 'yar gala-gala. Jikin yaro yana buƙatar gudu da rana da abokai na zahiri.

(KIƊA KAƊAN)

To, wace za a saya? Ga shawarata a taƙaice. Ƙasa da shekara biyar, a bari tukuna. Daga shida zuwa tara, ƙaramar gem mai sauƙin kuɗi marar intanet ta isa, ko Switch ga mai hali. Daga goma zuwa sha uku, in ƙwallo ce damuwarsu kuma gidan na da wuta gwargwado, PS3 ko PS4 ta hannu mai lafiya, da wasannin da ka tace da kanka. PS5 da Series X kuwa kayan manya ne, masu tsada, masu cin wuta da data. Yaron firamare ba abin da zai rasa don bai same su ba.

Ranar saye, ko a shagunan titin Emir Yahaya ne, ko Babbar Kasuwa, ko saƙo za ka yi daga Kano ko Legas, kada ka biya sai an gwada. A kunna ta yi kamar rabin awa ana wasa, ka saurari fankarta, ka taɓa ka ji zafinta. A gwada kowane maɓalli na hannun, domin jabun hannu sun cika kasuwa. A sa faifai a gani in mai ci ce. A tabbatar an cire asusun mai ita na da. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, ku yi yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawo da ita. Wadda aka kawo maka a ɓoye da arahar da ta wuce hankali, ka guje ta, kada ka sayi kayan sata. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Wanda kuma ba shi da halin saye, kada ya ji ya gaza. Gem ba ta cikin haƙƙin da yaro ke bin uba. In yaron na zuwa gidan gem, ka taka ka ga wurin da idonka, ka san mai shi, ka ce masa, "Wannan ɗana ne, ƙwallo kawai na yarda ya buga, kuma kada ya kai magariba." Mafi yawan masu wuraren nan 'ya'yan unguwa ne, in ka girmama su za su riƙe maka amana.

Abu na ƙarshe, iyayena maza da mata. In gem ta shigo gida, ku zauna ku karɓi hannu ɗaya, ku ce yaron ya koya muku. Zai ci ku, zai yi dariya, zai kuma saki baki ya gaya muku wasan da abokansa ke yi da wanda suke ɓoyewa. Ta nan za ku san abin da saitin na'ura ba zai gaya muku ba. Yaron da kuka ga hankalinsa ya karkata ga yadda ake ƙera wasan, ku ƙarfafa shi. Akwai manhajar Scratch ta kyauta, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara su koyi haɗa nasu wasan a kwamfuta, kuma a Legas akwai kamfanoni irin Maliyo Games da 'yan Najeriya ke ƙera wasanni da labaran Afirka. Ba abin da zai hana ɗan Sakkwato ya yi wasan da ke magana da Hausa.

'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye mu abin da muka shigo musu da shi gida. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(KIƊAN RUFE SHIRI)